Tunawa da Mazan Jiya: Yadda Hausa ke Adana Tarihin Yaƙi a Ƙasar Katsina da Daura

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, ranar 15 ga watan Janairu, akan yi taron tunawa da sojojin Nijeriya waɗanda suka rasu a fagen fama. Shugabanni sukan ajiye furanni a gindin siffar sojan da ba a san sunansa ba, a busa begila, a harba bindiga, sa'an nan a saki fararen tattabaru. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yin wannan taro, watau ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, daga baya aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A bakin Hausawa sunan wannan rana shi ne ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda Bahaushe yake tunawa da waɗanda suka ba da ransu a yaƙi, da hanyoyin da harshensa da al'adarsa suka tanadar domin haka, da kuma dalilin da ya sa waɗansu mayaƙa suka shiga cikin wannan taska, waɗansu kuwa suka faɗi a bakin ƙofarta. An ɗauki ƙasar Mashi da maƙwabtanta na Daura a matsayin madubi, domin ƙasa ce wadda ta ga yaƙin dawaki, ta ga ɗiban soja na zamanin Turawa, ta kuma ga yaƙin basasa.

2.0 Ƙasar Kan Iyaka

Mashi gari ne a arewa maso gabashin Katsina, bisa hanyar da ta nufi Daura, kuma nan ne mazaunin Iyan Katsina. Ƙasarta ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Wannan iyaka ta yau Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyarsu ta 1904 da ta 1906, amma tun kafin zuwansu yankin yana bakin wata iyaka wadda ta fi ta yau zafi.

Sa'ad da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, aka naɗa Ummarun Dallaje, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, har ya kafu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗankasawa. Haka kuma a Daura, da Malam Isiyaku ya kori Sarkin Gwari Abdu, zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure, ba ta koma birnin ba sai a 1906, lokacin da Turawa suka komo da Malam Musa. A gabas kuma ga Damagaram, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu, har tana ƙera igwa. Saboda haka kusan shekara ɗari arewacin Katsina da ƙasar Daura suna tsakanin dauloli masu gaba da juna, kuma da rani ya yi, an gama girbi, sai a shiga tsammanin hari. Manomin wannan yanki yakan yi noma da kwari da baka a kusa da shi, garinsa kuma sai da ganuwa ko kafi.

3.0 Hanyoyin Tunawa na Gargajiya

Idan muka duba da kyau, za mu ga Bahaushen wancan zamani yana da hanyoyi huɗu na adana labarin yaƙi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke bukatar dutse ko gini.

Hanya ta farko ita ce sarauta. Sunaye irin su Ƙaura da Madawaki da Barde da Jarmai da Ubandawaki da Sarkin Baka da Sarkin Lifidi duk muƙaman yaƙi ne tun asali. A Katsina da Daura da Maraɗi Ƙaura shi ne babban jagoran mayaƙa. Yaƙin ya wuce, amma muƙamin yana nan, kuma duk ranar hawan salla akan fito da lifidi da sulke da garkuwa da masu, a jera dawaki rukuni-rukuni, kowane basarake da jama'arsa. Hawan salla, in an lura, tsarin rundunar da ce ake maimaitawa sau biyu a shekara a idon yara.

Hanya ta biyu ita ce kirari da waƙa da take. Jarumi yana da maroƙinsa, yana da takensa wanda in an kaɗa kowa ya san wa ake nufi. Ta wannan hanya ce sunayen Ɗanbaskore da Ƙaura Hasau na Maraɗi da Ɗanwaire na ƙasar Ruma suka iso mu. Abin lura a nan shi ne, kirari ba ya rayuwa sai da abu biyu: maroƙin da zai riƙa faɗinsa, da gidan da zai riƙa biyan maroƙin. Duk jarumin da zuriyarsa ta riƙe sarauta ko dukiya, sunansa ya tsira. Dakaren da ya tafi a ƙasa da bakansa, ya faɗi a bakin ganuwa, ba shi da mai yi masa wannan hidima.

Hanya ta uku ita ce rubutun malamai. Masu jihadi sun rubuta yaƙoƙinsu da Larabci da Fulatanci da Hausar ajami. Muhammadu Bello ya ba da labarin Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa na 1804, da Alwasa na 1805, da cin Alƙalawa a 1808 a cikin Infaƙul Maisuri. Nana Asma'u kuma ta yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasu. A wannan rubutu ne kalmar shahada ta sami gindin zama, kuma ita ce ta ba mutuwar fagen fama wata daraja wadda ta wuce jaruntaka kawai. Sai dai rubutun na ɓangare ɗaya ne. Wanda ya faɗi a ɗaya ɓangaren, sai a nemi labarinsa a bakin makaɗan Maraɗi da Tsibiri.

Hanya ta huɗu ita ce lissafin shekaru. Kafin takardar haihuwa ta yaɗu, tsoho yakan faɗi shekarunsa ne ta jingina su da wani babban al'amari: an haife shi shekarar zuwan Nasara, ko shekarar yunwar Kakalaba, ko ya yi aure ana yaƙin Hitila. Ta haka yaƙi yakan zama turken da ake ɗaure tarihin gida a jikinsa, ko da an manta da wanda ya yi shi.

4.0 Sojan Bature

Tarihin Bahaushe a aikin soja na zamani ya faro ne daga Ikko a 1863, sa'ad da Kyaftin Glover ya tara wata 'yar runduna wadda yawancinta bayi ne da suka gudo, masu jin Hausa, har aka san ta da sunan Hausawan Glover. Daga irin waɗannan ƙananan rundunoni ne aka gina Rundunar Kan Iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda aka ɗora wa Lugga aikin kafa ta a 1897. Ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na shekarar, ta kuma ƙone Satiru a 1906. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, kuma da yawansu Hausa suke ji. Wannan shi ne tabon farko da ya manne wa kakin soja a idon jama'a, kuma ya daɗe bai goge ba.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kai waɗannan sojoji Kamaru, inda aka ci Garwa a 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a 1916. Daga nan aka wuce da su Afirka ta Gabas, suka yi mummunan karo da rundunar Jamus a Mahiwa a watan Oktoba na 1917. A yaƙi na biyu kuwa, birged ɗin Nijeriya yana cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairu na 1941, suka kutsa har cikin Habasha. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama domin yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944, bataliyoyi uku na Nijeriya kuma, watau ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da rundunar Chindit ta Janar Wingate wadda ke yaƙi a bayan abokan gaba. A watan Janairu na 1945 aka ci garin Myohaung a ƙasar Arakan. Da yake dazuzzukan ba su da hanyar mota, an tafi da dubban 'yan dako waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar harsashi da abinci a ka, kuma su ma sun mutu kamar yadda masu bindiga suka mutu.

Ba kowa ne ya tafi da son ransa ba. Umurnin neman mutane yakan sauko ne daga Razdan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci da mai unguwa, kuma kowa ya san a kan wa irin wannan kaya yakan sauka: talaka, da baƙo, da wanda ba shi da mai tsaya masa. Waɗanda suka rage a gida su ma sun biya nasu kason. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai aka shiga ɗiban mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos har zuwa 1944, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa a can. An matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, baitulmalin En'e ya ba da gudunmawar kuɗi, ga kuma yunwar da aka sa wa suna 'Yar Gusau a waɗannan shekaru. A tsallaken iyaka kuwa Faransa tana nata ɗiban, har samari sukan gudo ƙasar Ingilishi domin su tsira.

Sarkin Katsina Usman Nagoggo, bayan hawansa sarauta a 1944, ya tafi har Indiya da Bama ya gano sojojin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ita ce ta riƙa kai labarin yaƙin cikin Hausa ga masu karatun boko. Da sojojin suka komo, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, wadda ita ce mafi shahara daga abin da rubutaccen adabin Hausa ya tanadar musu.

5.0 Abin da Bariki ya Bar wa Harshe

Tsawon shekaru Hausa ce harshen mu'amala a rundunar, kuma akan bukaci hafsoshin Turawa su ci jarrabawarta. Da yake sojojin sun fito daga ƙabilu dabam-dabam, sai wata sassauƙar Hausa ta tsiro a tsakaninsu, wadda ba ta kula da jinsi ko karin sauti sosai, ita ce ake kira Barikanci. Ta wannan ƙofa kalmomin Ingilishi masu yawa suka shigo, kuma kowace sai da Hausa ta yi mata kwaskwarima bisa ƙa'idarta.

Alal misali, a kalmar fareti an musanya baƙin farko da "f", domin Hausa ba ta bambanta sautukan nan biyu, aka kuma ƙara wasali a ƙarshe, kamar yadda aka yi wa bariki da gurneti. A kalmar hafsa an sa "h" a gaba, aka kuma taƙaita gaɓoɓin. A kurtu an yar da gaɓar farko ɗungum. Samanja kuwa kalmomi biyu ne aka narkar suka zama ɗaya. Haka aka sami kofur da saja da laftanan da kyaftin da manjo da kanar da janar da bataliya da begila da fansho. Da kalma ta zauna sai ta shiga tsarin jam'i na Hausa: soja, sojoji, hafsa, hafsoshi, bariki, barikoki.

Ba aro kaɗai aka yi ba. Inda ido ya ga abin da ya sani, sai harshe ya ƙirƙiro nasa. Alamar da ke hannun rigar ƙaramin soja ta zama igiya, aka sami mai igiya ɗaya da mai igiya uku. Tauraron da ke kafaɗar hafsa ya zama anini, saboda kamarsa da ƙaramin kuɗin nan mai hoton tauraro. Kakin kansa ya zama kayan sarki.

Amma kalmar da ta fi kowace tona abin da ke zuciyar jama'a ita ce bariki. Daga ma'anar mazaunin soja ta faɗaɗa zuwa unguwar Turawa da ma'aikatansu, daga nan ta zama duk wani wuri da mutum yake zaune ba a ƙarƙashin idon iyaye da dangi ba. In aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance tana zaman bariki, kowa ya san ba yabo ake yi ba. Wannan sauyin ma'ana shaida ce a kan matsayin da aka ba sojan Bature. Kalmar mazan jiya, wadda asalinta jaruman da ake nufi, ita ce ta zo daga baya ta rufa masa asiri, ta haɗa shi da mayaƙan dawaki a laƙabi ɗaya.

Har wa yau akwai wata taskar a sunayen barikoki. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Badun, Arakan da Tamandu da Myohaung da Dodan a Ikko, duk daga yaƙin Bama aka samo su. Barikin Dodan shi ne fadar mulkin ƙasar nan daga 1966 zuwa 1991, kuma kunnen Bahaushe yakan ji kalmar dodo a cikin sunan, alhali wani wuri ne a Bama. Sunan ya rayu, abin da aka sa shi domin a tuna kuwa ya shuɗe.

6.0 Inda Sunaye Suka Salwanta

Idan muka auna sojan yaƙin duniya da hanyoyi huɗun da aka ambata, za mu ga ta ɗaya kaɗai ya shiga, watau lissafin shekaru. Bai riƙe sarauta ba. Ba shi da maroƙi, domin ubangidansa Bature ne wanda ba ya ajiye makaɗa. Malamai kuma ba su rubuta shi cikin shahidai ba, domin yaƙin ba nasu ba ne. Ko a gida ma, sau da yawa sai labari ya iso bayan watanni, ba gawa ba kabari, a yi sadaka, matarsa ta yi takaba, shi ke nan.

Hanyar Turawa, watau rubuta suna a dutse, ita ma ba ta yi masa adalci ba. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoton wani kwamiti, wanda ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Sakataren tsaron Ingila ya nemi gafara a gaban majalisa a kan haka. Na yaƙi na biyu sun fi samun kulawa: akwai kaburburan sojojin Afirka ta Yamma a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, inda kuma aka zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, akwai kuma waɗansu a Chittagong da ke Bangaladash a yau.

To, ko a inda aka rubuta sunan, akwai wata matsala wadda ta shafi mai nazarin harshe kai tsaye. Al'adar rundunar ita ce a rubuta sunan yanka na mutum a haɗa da sunan gari, a sami irin su Audu Katsina ko Musa Daura. Mutumin ƙauye kuwa, in baƙo ya tambaye shi daga ina yake, babban birnin ƙasarsa yakan ambata. Saboda haka saurayin da aka ɗauka daga wani ƙauyen Mashi zai iya shiga littafi da sunan Katsina, ba sunan uba, ba sunan ƙauye, ga kuma rubutun akawun da ba ya bambanta "k" da "ƙ" ko "d" da "ɗ". Sunan yana can a dutse a wata ƙasa mai nisa, danginsa suna nan, amma igiyar da za ta haɗa su ta tsinke.

7.0 Yaƙin Basasa

Yaƙin da aka yi daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970 ya sauya matsayin soja a ƙasar Hausa. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura har wajen 250,000, aka kuma kirawo tsofaffin sojojin Bama suka sake ɗaura ɗamara. A wannan karo 'ya'yan manyan gidaje suna ciki: Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagoggo, shi ne gwamnan soja na Jihar Arewa, daga baya ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa, Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari na Daura suna cikin matasan hafsoshin da suka shiga daji. Makaɗa da marubuta waƙoƙi suka yi ca a kan soja, rediyon Kaduna yana yaɗawa. A karo na farko sojan zamani ya sami maroƙi.

Duk da haka tsohuwar ƙa'idar kirari ba ta sauya ba. Waɗanda aka wasa da suna su ne kwamandoji, kurtun da ya faɗi a bakin Kwara ko a dajin Inugu sai a cikin jam'i ake ambatonsa. Haka kuma waƙoƙin na ɓangare ɗaya ne, ba su da wurin fararen hular da yunwa ta kashe a ɗaya gefen, kamar dai yadda rubutun jihadi bai da wurin matattun Maraɗi.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Hausa ta adana yaƙoƙin nan a cikin sarautu da kalmomi da sunayen shekaru, amma ta fi riƙe sunan mai doki bisa na mai tafiya a ƙasa. Wanda ya je Bama yana ɗan shekara 20, in yana raye yau ya kai ɗari, sojojin basasa kuma sun manyanta. Abin da ya rage yana hannun 'ya'ya da jikoki: lambar yabo a ƙasan adaka, takardar sallama mai ɗauke da lambar soja, hoto, da 'yan labaran da aka ji a zaure.

Lambar soja ita ce mabuɗin, domin ita kaɗai ce ba ta rikiɗa tsakanin ƙauye da littafin runduna. Ɗalibin da ya bi gundumar Mashi ko Zango ko Baure gida-gida, ya rubuta cikakken sunan kowane tsohon soja da na mahaifinsa da ƙauyensa da lambarsa, ya ɗauki muryar masu ba da labari da irin Hausar da suka faɗe shi, sa'an nan ya gwada abin da ya samu da takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da jerin sunayen hukumar kaburburan yaƙi, zai iya mai da wa gidaje da yawa mutanensu. Aiki ne da sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu za su iya raba wa ɗalibansu gunduma-gunduma, kuma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan mazan jiya, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba.